MP ɗin Baba na jero surori a hargitse, laftof ɗina kuma ta zama kunkuru

Baban Hanifa, Bolari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Matsala biyu na kawo, ku taimaka.

Mahaifinmu idonsa ya yi rauni, shekara biyu ke nan ba ya iya duba Mus'hafi. Sai muka saya masa MP, irin ƙaramin nan mai rediyo da tocila a jiki, mai cin memori. Na sayi memori 64GB a kasuwa, na kai aka zuba masa Alƙur'ani cikakke da tafsirin azumin bara. To yana kunnawa, maimakon Fatiha sai Tabbat ta fara, daga ita sai Yasin, daga Yasin a koma Ma'ida. Baba mutum ne mai tilawa a jere. Jiya ya kira ni ya miƙo mini abin, ya ce, "Karɓi kayanka, wannan bai yi makarantar allo ba." Ga shi kuma rabin tafsirin ba ya buɗuwa. Sunan yana nan, amma da an zo kansa sai ya tsallake.

Na ce bari in gyara da kaina a laftof. Ita kuma 'yar Beljiyam ce, Core i5 ƙarni na uku, RAM 4GB. In na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo tana nan tana juyi. Wani abokina ya ce in sayar in cika kuɗi in sayi wata. Da wannan tsadar? Me kuka gani?

Injiniya Mai Shago:
Wa alaikumus salam. Kar ka sayar. Kafin komai, kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Duba layin Disk ka gaya mana nawa ya nuna.

Memorin kuma ina zargin na bogi ne. Amma mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Baban Hanifa, Bolari:
Na duba Injiniya. Ya tsaya a 100%, ba ya sauka, alhali ban buɗe komai ba.

Injiniya Mai Shago:
Shi ke nan, ga ɓarawon. Ba kwamfutar ce ta tsufa ba, faifan ajiyarta ne. Irin na da ne, HDD, faifai ne na gaske a ciki yana juyawa sau 5400 a minti, da ɗan hannu kamar allurar garmaho yana neman bayanai. In ya yi ƙoƙari ya ba ka wajen 100MB a daƙiƙa. Shi kuwa sabon nau'in ma'ajiyar, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, yana kaiwa wajen 500MB, kuma inda ya fi yi wa HDD fintinkau shi ne wajen ɗebo ƙananan fayiloli barjat, wanda shi ne aikin Windows lokacin tashi.

Ka nemi SSD mai inci 2.5, SATA, 256GB ya ishe ka. Wurin da tsohon ya fito nan zai shiga, kusoshi huɗu ne ko ƙasa da haka. Tsohon kuma kar ka yar. Akwai ɗan gida da ake sa shi a ciki ya zama na waje mai USB, ko a cire abin DVD a sa shi a gurbin, tunda wa ke kallon DVD yanzu.

In da sauran kuɗi ka ƙara RAM ta zama 8GB. Taka DDR3 ce, kar a lallaɓa a ba ka DDR4, ba za ta ma shiga ramin ba. Amma in ɗaya za ka iya, SSD ne gaba.

Ɗan Kashere:
Oga Injiniya ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da bai taɓo ba. Yaya Baban Hanifa, Windows nawa ke kanta? In 10 ce, Microsoft ta daina ba ta kariya ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma ba ta karɓar irin taka a hukumance, tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama. Taka ta wajen 2012 ce. Ni shawarata, in ka sa SSD ɗin kawai ka ɗora Linux Mint a madadin Windows. Kyauta ce, ba ruwanka da neman lasisi, ba ruwanka da bayiros ɗin filashi, kuma da RAM 4GB tana gudu. Tawa ta girmi taka, da ita na rubuta furojet ɗina kaf a LibreOffice, madadin Word. Wallahi tun da na koma ban waiwaya ba.

Anti Malama:
Kai ɗan nan, kullum aka kawo magana a zauren nan sai ka kawo Linux. Ko ciwon kai mutum ya ce yana yi, Linux za ka rubuta masa.

Baban Hanifa, tambayi kanka me kake yi da kwamfutar. Ni na biye wa wani ƙanena irin wannan ya ɗora mini. Satin farko na ji daɗi. Sai lokacin jarrabawa ya zo, 'yata na son manhajar gwajin JAMB, ta Windows ce. Na kai takardar sakamakon ɗalibai shagon buga takardu, teburin da na jera ya wargaje a Word ɗinsu. Ƙarshe sai da na koma. In kana aiki da CorelDRAW ko yaranka na gwajin CBT, ka zauna inda kake.

Ɗan Kashere:
Anti ai da kin mayar da takardar PDF kafin ki kai, ko layi ɗaya ba zai gusa ba. Wannan ko daga Word zuwa Word yana faruwa in rubutun da kika zaɓa babu shi a kwamfutarsu.

Anti Malama:
Na ji ta PDF, ka yi gaskiya a nan. JAMB ɗin fa?

Ɗan Kashere:
Wannan kam na sallama.

Injiniya Mai Shago:
Ku duka kuna da gaskiya, sai dai mutumin nan MP ɗin babansa yake son gyarawa. Ya bar Windows 10 ɗinsa tukuna. Ba wai ranar 14 ga Oktoba ta mutu ba, tana aiki, sabunta tsaro ne ya tsaya, kuma Microsoft ta buɗe wani tsari na ƙarin shekara guda zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Abin da zan ce, kar ya riƙa sauke manhajojin sata, don ta nan yawancin bala'in ke shigowa. Linux kuma ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba. In ta yi masa, ya ɗora.

Mu koma kan memori.

Mai Turawa, Tsohuwar Kasuwa:
To ga ni, don na san yanzu za a fara zagin masu turawa. Malam Baban Hanifa, ba a wurina ka saya ba dai ko? Mu ma sarowa muke yi a kwali. An buga sunan babban kamfani a jiki, an rufe da leda mai sheƙi, ta ina zan sani? Kuma ku masu saye ku ne ba kwa son na gaske. Ka gaya wa mutum kuɗin 16GB mai kyau, ya ce ga can ana ba da 64GB a ƙasa da haka. Ya tafi, bayan sati ya dawo wurinka yana kuka wai hotunan bikinsa sun ɓace. Araha ba ta ado.

Baban Hanifa, Bolari:
A'a ba wurinka ba ne, kuma ban zo zagin kowa ba. Gaskiya ni ma arahar ce ta ja ni, ba zan ɓoye ba.

Injiniya Mai Shago:
Ga yadda na bogi yake. Cikinsa wataƙila 4GB ne ko 8GB, amma an yi wa ɗan ƙwaƙwalwar da ke ciki dabara ya riƙa cewa shi 64GB ne. Kwamfuta ta yarda, waya ta yarda. Kana zuba kaya yana karɓa, ba ya cewa ya cika. Da an wuce ainihin cikinsa, sauran ko dai su bi iska ko su hau kan na farko su murƙushe su. Sunayen fayilolin suna nan saboda a wani wuri daban ake rubuta su, amma cikinsu fanko. Shi ya sa tafsirin Baba ke tsallakewa. Kamar buhun da aka rubuta mudu 40 a jiki, alhali gindinsa a ɓarke yake.

Gwajin ba wuya. Akwai 'yar manhaja kyauta, H2testw, daga Jamus take, ba ta kai 1MB ba. Ka kwashe komai daga memorin, ka sa shi a kwamfuta, ka ce ta gwada duka. Za ta cika shi da bayanai sannan ta karanto su. In na bogi ne za ta nuna maka ja, ta gaya maka nawa ne lafiyayye nawa ne ya ɓata. Tana ɗaukar lokaci, 64GB na iya cin awanni, ka sa da daddare in akwai wuta.

Abu ɗaya kuma don kar a zalunci ɗan kasuwa: in ka sayi 32GB ka ga Windows ta nuna 29 da ɗoriya, ko 64GB ya nuna 59, wannan ba cuta ba ce. Kamfani na ƙirga da 1000, Windows na ƙirga da 1024. Na sha ganin an yi rigima a bakin shago a kan wannan.

Mai Turawa, Tsohuwar Kasuwa:
Wannan ta ƙarshen Allah ya saka maka Oga. Ranar nan wani har yana cewa na cinye masa 5GB. Ni kam zan sauke manhajar nan in riƙa gwada ɗaya a kowane kwali kafin in biya dila.

Ɗan Kashere:
Ƙari a kan wannan: ko da memorin na gaske ne, 64GB ya yi wa MP yawa. Duk memorin da ya wuce 32GB da tsarin ajiyar fayil na exFAT yake zuwa, su kuma yawancin ƙananan MP da rediyon mota FAT32 kaɗai suka iya karantawa. Sai ka sa ya ce babu kati. Ana iya mayar da shi FAT32 da manhajar Rufus, amma me ya kai ka?

Mu yi lissafi. MP3 mai 128kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a daƙiƙa, yana cin kusan 1MB a minti. Magana zalla irin tafsiri ba ta buƙatar haka, 64kbps ya wadatar, awa guda wajen 29MB ke nan. Ka ce tafsirin awa biyu ne kullum har kwana 30, awa 60, bai kai 2GB ba. Alƙur'ani in makarancin ya kammala a awa 30, a 128kbps shi ma bai kai 2GB ba. Ka ga 8GB na gaske ya ɗauke duka har da saura. 16GB kuwa sai dai Baba ya gaji da saurare.

Direban Kumo:
Ɗan Kashere ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni a mota abin nan nake amfani da shi da ake soka wa a wurin kunna sigari, ya jefa sauti a FM. Wani yaro ya karɓi kuɗina wai zai mayar mini da waƙoƙina 320kbps su yi ƙarfi. Filashin ya cika, sauti kuwa yana nan yadda yake. An cuce ni ne ko kunnena ne?

Ɗan Kashere:
Kunnenka lafiya lau Oga direba. MP3 dabararsa ita ce zubar da sashen sautin da kunne bai cika kamawa ba don fayil ya ƙanƙance. Abin da aka zubar ya tafi. In ka ɗauki mai 128 ka mayar 320, ka ƙara masa nauyi ne kawai, daga kusan 1MB a minti zuwa 2.4MB, har ma ya ɗan ƙara lalacewa don an sake matse shi. Kamar ka juye kunun kofi ɗaya a bokiti ne.

Abin da zai gyara maka sauti a mota shi ne lambar FM ɗin da ka zaɓa. Nemi inda babu tasha ko kusa, yawanci can ƙasa wajen 87.5 zuwa 88. Kuma lambar da ta yi shiru a Kumo ba lalle ta yi shiru a cikin Gombe ba, shi ya sa kake jin shuuu in ka shigo gari. In rediyon motar na da ramin AUX, sayi waya ka haɗa kai tsaye, ya fi FM nesa ba kusa ba.

Direban Kumo:
Ashe shi ya sa da na wuce Tumfure sai abin ya fara hayaniya. Ni da na ɗauka aljanun hanya ne ba sa son waƙar.

Baban Hanifa, Bolari:
Hahaha. To jama'a, batun jerin surorin fa? Shi ne ya fi damun Baba.

Injiniya Mai Shago:
Nan abu biyu ne, kuma mutane na sanin na farko su manta na biyu.

Na farko suna. In an sa wa fayiloli 1, 2, 3 har 114, na'ura ba ta ƙirga kamar mutum, harafi-harafi take bi. Sai ta jero 1, 10, 100, 101, ta gama da duk masu farawa da 1 kafin ta zo 2. Maganin shi ne lamba uku-uku: 001, 002, 003, har 114. Tafsiri ma haka, 01 zuwa 30, kuma a folda daban.

Na biyu shi ne wanda ke haukata mutane. Da yawa daga cikin ƙananan MP ba sa duba suna sam. Suna bin yadda fayilolin suka shiga memorin ne, wanda ya riga shiga shi ne farko. Mai turawa ya zaɓi duka ya ja, kwamfuta ta zuba su yadda ta ga dama, shi ke nan Tabbat ta riga Fatiha. A kwamfuta za ka gan su a jere ka rantse lafiya lau, don ita tana jera maka da suna.

Yadda za ka yi: ka yi wa memorin fomat, FAT32. Ka jera fayilolin da suna a kwamfuta, ka zaɓe su duka, sannan ka kama na farkon, 001, da shi za ka ja su zuwa memorin. In ka kama daga tsakiya, daga nan za ta fara. In duk da haka ya ƙi, akwai 'yar manhaja DriveSort, aikinta ke nan, ta sake jera teburin memorin ba tare da ta taɓa fayilolin ba. Kuma in ka gama kar ka zo daga baya ka goge ɗaya ka cusa wani, sabon zai iya faɗawa gurbin da bai dace ba.

Anti Malama:
Ƙarin abu daga abin da ya same ni: kar ka sa ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil ɗin da za ka sa a MP. A kwamfuta suna fita tsaf, Windows ma tana da kibod na Hausa in ka ƙara shi a wurin harsuna, da shi nake buga jarrabawa. Amma ƙaramin sikirin na MP bai san su ba, sai ya nuna maka akwati-akwati ko alamar tambaya. Baƙara ka rubuta Bakara kawai, ba wanda zai kama ka.

Kawu Tumfure:
Salamu alaikum yara. Ina karanta ku tun ɗazu, jikata ce ke buga mini. Ni ma ina da tambaya, in ba zan karkatar da zancen ɗana Baban Hanifa ba. Ina da kaset-kaset cike da kwali, tun muna ƙarƙashin jihar Bauchi kafin a ba mu Gombe a 1996. A ciki akwai guda uku da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake karatu da muryarsa, da wani na ranar ɗaurin aurena. Rediyon kaset ɗin na nan yana aiki, amma ina tsoron ranar da zai cinye zaren. Ana iya mayar da su cikin memori?

Injiniya Mai Shago:
Allah ya jiƙan Baba, Kawu. Ana iyawa, kuma kar a jinkirta, don zaren kaset na lalacewa da zafi da shekaru.

Abin da ake buƙata: rediyon kaset mai ramin iyafis, waya mai kai biyu irin ta AUX, da manhajar Audacity, kyauta ce. Sai dai laftof na yanzu rami ɗaya gare su na iyafis da makirfo a haɗe, ba ya karɓar irin wannan sautin da kyau. A sayi ɗan katin sauti na USB mai ramin shigarwa, ba shi da tsada.

Kafin a sa kaset mai daraja, a goge kan rediyon da robar da ke jan zaren da auduga da ɗan sipirit, a bari ya bushe, a fara gwadawa da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye a sa biro a juya shi da hannu a ga zaren na tafiya, bai manne ba. Ƙarar rediyon a sa ta tsaka-tsaki, a duba a Audacity kar sautin ya riƙa dukan sama, in ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. In da hali a yi da batir, don wutar janareta na shigo da wani gurnani.

Ba a gaggawa. Kaset mai 90, minti 45 ne kowane gefe, kuma sai an zauna ya ƙare. A adana na asali a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, wajen 10MB ne a minti, sannan a fitar da MP3 don memori da tura wa dangi. Audacity na rage shuuu ɗin kaset, amma a taɓa kaɗan. In aka matsa, muryar sai ta koma kamar daga cikin rijiya. Ni na fi son in ji shuuu ɗin da muryar mutum yadda take.

Kawu, in jikar taka ba za ta iya ba, a kawo mini guda ukun nan na Baba, ba zan karɓi ko sisi ba.

Kawu Tumfure:
Mi yetti, Allah ya yi maka albarka ɗana. Za ta kawo ranar Asabar. Amma da sharaɗin tana zaune a wurin har a gama, ba don ban yarda da kai ba.

Injiniya Mai Shago:
Na yarda Kawu, ni ma da haka zan yi.

Ɗan Kashere:
Kuma Kawu a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Kwafi a kwamfuta, kwafi a filashi a wani gidan, kwafi a Google Drive, suna ba da 15GB kyauta. Memori ba wurin ajiya ba ne, abin saurare ne, rana ɗaya yake mutuwa ba sallama. Kaset ɗin ma kar a zubar.

Maman Iman:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta ɓangarena. Baban Hanifa, in Baba na amfani da iyafis a kula da ƙarar. Wanda idonsa ya yi rauni kunnensa ne jarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraren decibel 80 har awa 40 a mako, in ƙara ta haura lokacin na raguwa da sauri ƙwarai. A sauƙaƙe, kar a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'urar. In kana gefensa kana jin abin da ke fita daga iyafis ɗin, ya yi yawa. Wannan har da ku matasa masu kwana da abu a kunne.

Baban Hanifa, Bolari:
Na gode Maman Iman. Lasifikar yake amfani da ita, amma kin tuna mini wani abu. Tafsirin wata rana a hankali yake fita, sai Baba ya ƙure ƙara, rana ta gaba kuma ta fashe da ƙarfi har a firgita yara.

Ɗan Kashere:
Manhajar MP3Gain Yaya. Ka zuba mata fayilolin duka, ta auna, ta daidaita su su zama ƙarfi ɗaya. Tana zuwa a saite a 89, ka bar shi haka ko ka ɗan ƙara kaɗan. Daɗinta ba ta sake matse sautin, don haka ba ya lalacewa. Ka yi wannan kafin ka kwafa zuwa memori.

Anti Malama:
Tunda ana maganar filashi, Injiniya, me ke sa in kai nawa shagon buga takardu in dawo in tarar folda duk sun koma masu 'yar kibiya, kayan ciki babu? Sau biyu ina yin fomat ina asarar aiki.

Injiniya Mai Shago:
Kash, Anti, da ba ki yi fomat ba. Kayanki na nan, bayiros ɗin ɓoye su yake yi ya ajiye na ƙarya a madadinsu. Kar ki danna masu kibiyar, dannawar ce ke sa ya kama kwamfutarki. Ki duba harafin filashin, a ce E ne. Ki buɗe cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni a Windows, ki rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ki danna Enter, folda za su dawo. Ki goge masu kibiyar da duk wani baƙon fayil da ba ki san shi ba, ki sa Windows Defender ta bincike filashin. Gaba kuma ki riƙa tura musu takardar ta WhatsApp ko imel, filashinki ya zauna a jaka.

Anti Malama:
Inna lillahi. Sakamakon zango guda na sake bugawa da hannu saboda wannan layi ɗaya.

Direban Kumo:
Batir fa? MP ɗin matata ba ya kai awa guda yanzu.

Injiniya Mai Shago:
Buɗe bayansa. Ko dai mai faɗin nan ne irin na tsohuwar Nokia, BL-5C, ko dogo mai kama da na tocila, 18650. Duka ana samu, a canza kawai. In 18650 ne kar ka yarda da wanda aka rubuta 9900mAh a jiki, na gaske ba ya wuce wajen 3500. Ka auna a hannu, na bogi ba shi da nauyi. In ya kumbura a cire shi yau, kuma a daina barinsa a gaban mota cikin rana.

Baban Hanifa, kai ma in an buɗe laftof ɗin sa SSD, ka ce a busa fankar a canza man da ke kan furosesa. Ƙurar hunturu na toshe ta kamar auduga, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ta riƙa rage gudu da kanta don kar ta ƙone. A daina ɗora ta kan katifa, ta ƙasa take shaƙar iska.

Baban Hanifa, Bolari:
'Yan zaure na dawo da rahoto, bayan kwana huɗu.

Memori: H2testw ta nuna ja. Bai kai 8GB ba. Na mayar wa mai shi, da farko ya ce ni na lalata, da na nuna masa hoton sikirin sai ya yi shiru ya canza mini da 16GB. Shi ma na gwada shi kafin in zuba komai, ya fita lafiya.

Laftof: an sa SSD 256GB, RAM sai wata mai zuwa. Abin da aka ciro daga fankar kuwa, in aka ba mai kaɗi zai yi zare. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Matata ta ɗauka sabuwa na sayo na ɓoye mata.

MP: na sa 001 zuwa 114, na ja daga na farko kamar yadda Injiniya ya ce, ban ma buƙaci DriveSort ba. Na kai wa Baba bayan Magariba. Ya kunna, Fatiha ta fara, Baƙara ta biyo. Bai yarda ba sai da ya yi ta danna gaba yana kiran sunan sura kafin ta fara, har Kahfi. Sannan ya ajiye ya ce, "To yanzu ya shiga makaranta."

Sai dai ya ba ni sabon aiki. Ya ce wannan karatun Hafsu ne, shi kuwa da Warshu ya tashi, in nemo masa. Kuma in an kashe MP ɗin a tsakiyar Baƙara, in an kunna sai ya koma farkon surar, sura mai kusan awa biyu. Akwai dabara?

Injiniya Mai Shago:
Wasu na tuna inda suka tsaya in ka kashe da maɓallin tsayarwa ka riƙe, ba da makunnin gefe ba. Gwada wannan tukuna. In bai yi ba, nemi karatun da aka yanka hizifi-hizifi, fayil 60, ka sa 01 zuwa 60. Ko ya koma farko, ba nisa.

Mai Turawa, Tsohuwar Kasuwa:
Ina da Warshu na hizifi 60 a kwamfutar shago. Kawo memorin gobe bayan Azahar, amma kai za ka ja da hannunka daga 01, kar a ce ni na hargitsa.